Zaman Gida: Ina Hotunan Iyalinku Suke Kwana?

Zancenmu na wannan wata a kan hotuna ne, watau hotunan nan da suka cika wayoyinmu, na suna, na ɗaurin aure, na baftisma, na Kirsimeti, da na yara sa'ad da suke rarrafe.

Dā idan mutum yana so ya ga hotunan gidanku, sai ya zo gidan. A yi masa maraba, a ba shi ruwa, sa'an nan uwargida ta shiga ɗaki ta buɗe akwati ta ɗauko littafin hotuna. Ita ce za ta zaɓi wanda za ta nuna wa, ita ce kuma za ta mayar da littafin wurinsa. Hotunan ba su da yawa, gama sai an je wurin mai hoto an biya kuɗi, an kuma jira a wanke. Yanzu kuwa yarinya 'yar shekara 15 tana iya ɗaukar hoto 50 kafin a tashi daga sujada. To, tambayar da ya kamata maigida da uwargida su yi wa kansu ita ce, ina waɗannan hotuna suke kwana, wa kuma yake riƙe da mabuɗin ɗakin?

Mutane da yawa za su ce, "Ai suna cikin wayata." Gaskiya ne, amma ba duka gaskiyar ke nan ba. Yawancin wayoyin Android suna zuwa da Google Photos, wayoyin iPhone kuma da iCloud. Idan an kunna ajiya, kowane hoto da ka ɗauka sai wayar ta aika da kwafinsa ta intanet zuwa abin da suke kira gajimare. Kada sunan ya ruɗe ka. Babu wani gajimare. Manyan gine-gine ne cike da kwamfutoci, na kamfani ne, yawancinsu kuma a ƙasashen da ba ka taɓa zuwa ba. Akwai amfani a ciki, ba mu musa ba. Wanda aka sace wa waya a tasha, ya sayi sabuwa ya ga hotunansa sun dawo, shi ya san daɗin abin. Amma ajiyar da ke hannun wani, da sharuɗan wani take tafiya.

Ga misali. A shekara ta 2015 Google ya fito da Google Photos, ya ce kowa ya zuba hotunansa kyauta, ba iyaka. Mutane suka zuba. Ran 1 ga Yuni 2021 sai aka daina wannan kyauta. Daga ranar, sabbin hotuna suna cin wuri a cikin giga 15 da ake ba kowa, wasiƙun Gmail kuma a cikin giga 15 ɗin nan suke. Idan hoto guda ya kai mega 3, hotuna wajen 5,000 za su cika wurin, ban da bidiyo, wanda minti guda nasa kan cinye wurin hotuna da dama. In wuri ya cika, sai ka biya kowane wata, ko ka share, ko kuwa wasiƙu su daina shigo maka. Apple kuwa giga 5 kaɗai yake bayarwa kyauta. Kafin wannan, kamfanin Flickr ya ba mutane tera guda kyauta, daga baya ya sanar cewa daga 2019 mai ajiyar kyauta ba zai wuce hoto 1,000 ba. Zanen aro ba ya rufe katara.

Akwai kuma wata doka da ta shafi gidajen da aka yi rashi. Tun Disamba 2023 Google yana da ikon share asusun da aka yi shekara 2 ba a shiga ba, har da hotunan da ke ciki. Ku yi tunanin uba ya rasu, hotunan yaransa tun suna jarirai suna cikin asusunsa, ba wanda ya san kalmar sirrinsa. Iyali suna cikin makoki da hidimar gado, shekara 2 kuwa ba wuya ta wuce.

Abin da na'ura take gani

Batun kuɗi ƙarami ne idan aka gwada shi da na biyu. Hoton waya ba hoto kaɗai ba ne. A ɓoye cikinsa akwai rubutun da ido ba ya gani: ranar da aka ɗauka, da sa'a, da irin wayar, idan kuma an bar kyamara ta san wuri, har da daidai inda mai ɗauka ya tsaya. Hotunan shekara guda sun isa su nuna inda kuke kwana, da makarantar yaranku, da majami'ar da kuke zuwa, da asibitin da kuka kwanta. Bayan wannan, kwamfutocin kamfani suna duba abin da ke cikin hoton. Suna gane fuskoki, su tara hotunan mutum guda wuri ɗaya, su san wannan biki ne, wancan gona ce. Abin da ya sa ke nan kana rubuta kalma guda sai hotunan su fito.

Bari mu yi adalci. Google ya ce ba ya amfani da hotunan da ke cikin Google Photos domin talla. Duk da haka batun auna fuskokin mutane ya kai manyan kamfanoni gaban shari'a a Amurka. A jihar Illinois, Facebook ya biya dala miliyan 650 domin a kashe wata ƙara a kan gane fuska ba da izini ba, a 2022 kuma Google ya yarda ya biya dala miliyan 100 a kan irin wannan ƙara game da Google Photos. A Nuwamba 2021 Facebook ya sanar zai rufe tsarinsa na gane fuska, ya share awon fuskokin mutane fiye da biliyan guda. A 2024 kamfanin Meta, mai Facebook, ya yarda ya biya jihar Texas dala biliyan 1.4. Ba a biyan irin wannan kuɗi a kan abin da ba shi da daraja. Ku lura kuma, jaririn da ke cikin hoton, da maƙwabciyar da ta zo barka, ba wanda ya tambaye su.

Labarin da ya fi tsaya mini a rai shi ne wanda jaridar New York Times ta buga a Agusta 2022. Wani uba a birnin San Francisco ya ga kumburi a gaban ɗansa ƙarami. A Fabrairu 2021 ne, lokacin annobar korona, ana ganin likita ta waya. Daga asibiti aka ce a aiko da hoton wurin domin likita ya duba. Ya ɗauka, aka aika, likita ya rubuta magani, yaro ya warke. Amma wayar ta riga ta aika da hoton zuwa ajiyar Google. Na'urar da ke farautar mugaye masu lalata yara ta ga hoton, ta ɗauke shi a kan laifi. Bayan kwana 2 aka rufe asusunsa. Wasiƙunsa, da lambobin mutanensa, da hotunan shekarun farko na ɗansa, duka ya rasa hanyar kaiwa gare su. Aka kai rahoto ga 'yan sanda, suka bincika, suka ce babu laifi. Har lokacin da jaridar ta buga labarin, ba a mayar masa da asusun ba. Farautar masu lalata yara aiki ne mai kyau, kowane mai 'ya'ya zai goyi bayansa. Amma na'ura ba ta san bambancin mugu da uban da hankalinsa ya tashi ba. Uwaye nawa ne a cikinku suka taɓa ɗaukar hoton ƙurji a jikin yaro suka aika wa 'yar'uwa ma'aikaciyar jinya?

Rumbu a cikin gida

Saboda irin waɗannan abubuwa ne waɗansu masana kwamfuta suka ce, me zai hana mu gina namu rumbun a gida? Watau a sami kwamfuta guda a ajiye a ɗaki, a sa mata manhajar da za ta yi aikin da Google Photos yake yi, amma hotunan ba su fita ƙofar gida ba.

Wadda ta fi suna yanzu ita ce Immich. Wani mai suna Alex Tran ne ya fara ta a 2022, shi ma uba ne mai neman inda zai ajiye hotunan jaririnsa ba tare da biyan kamfani kowane wata ba. Ya bar rubutun manhajar a fili, kowa yana iya dubawa ya ga abin da take yi, mutane daga ƙasashe dabam dabam kuma suka sa hannu. A 2024 wata ƙungiya mai suna FUTO a birnin Austin ta ɗauki nauyin manyan masu aikin domin su ba da dukan lokacinsu, a Oktoba 2025 kuma suka fitar da bugun da suka ce ya zauna da gindinsa. Kyauta ce. Mai son taimaka musu yana iya biya, amma wanda bai biya ba, ba a rage masa kome. Akwai wata kuma, PhotoPrism, wadda Michael Mayer ya fara a Berlin ta ƙasar Jamus a 2018. Ita ma tana gane fuska da abubuwa, ta kuma dace da wanda ya riga ya tara hotuna a faifai yana so a tsara masa. Amma ga iyali masu wayoyi da yawa, a ganina Immich ta fi, domin tana da manhajar waya tata ta kanta, ta Android da ta iPhone.

Ga yadda abin yake tafiya. Kwamfutar tana haɗe da akwatin wayfai na gida. Kowane mutum a gidan yana da nasa suna da kalmar sirri. Uwargida ta dawo daga taron zumuntar mata da hotuna 40 a waya. Da wayarta ta kama wayfai na gida, sai hotunan su bi iska su shiga kwamfutar. Wannan tafiya tsakanin waya da kwamfuta a cikin gida take, ba ta cin data ko kaɗan. Ga mu da muke sayen data da awo, wannan ba ƙaramin abu ba ne. Daga nan tana iya share hotunan daga waya domin ta sami wuri, in tana gida kuma ta buɗe manhajar ta gan su duka, an jera su bisa ga rana da wata da shekara. Tana iya haɗa kundi ta buɗe wa maigida da yara, sauran kuma su zauna nata.

To, yaya kwamfutar gida za ta gane fuska, ba tare da ta tambayi kowa a waje ba? Mutane suna jin an ce basirar na'ura sai su zaci wani abu ne da sai manyan kamfanoni. Koyar da na'urar ne yake da wuya da tsada. Amma bayan an koyar, abin da ta koya ana tattara shi cikin fayil, a sauke shi sau ɗaya daga intanet, ya zauna a kwamfutarka yana aiki. Idan hoto ya shigo, manhajar tana neman inda fuska take. Ta same ta, sai ta auna ta, ta mayar da ita jerin lambobi 512. Fuskokin mutum guda, ko yana dariya ko ya ɗaure fuska, lambobinsu sukan yi kusa da juna. Sai ta tara masu kusanci wuri ɗaya. Ba ta san sunan kowa ba. Kai ne za ka duba ka ce wannan Kaka ce, ka rubuta. Daga ranar, kana taɓa sunan Kaka sai dukan hotunanta su fito, daga bikin auren fari har zuwa sunan jika na ƙarshe.

Neman hoto da kalma kuma, da wata dabara ake yinsa mai suna CLIP, wadda kamfanin OpenAI ya fitar a 2021 bayan an koyar da ita da hotuna miliyan 400 tare da rubutun da ke bayyana su. Ita tana mayar da hoto lambobi, ta mayar da jimla ma lambobi, sa'an nan ta gwada. Ka rubuta cewa kana neman yaro a kan keke, sai ta kawo hotunan da lambobinsu suka yi kusa da na jimlar. Sai dai wadda take zuwa da manhajar tun farko Turanci take ji, saboda haka da Turanci za ka yi neman. Sunayen garuruwa ma a cikin kwamfutar ake samo su, daga jerin wurare da manhajar ta zo da shi. Taswira ce kaɗai, idan ka buɗe ta, sai an ɗauko zanenta daga intanet.

Kada kuwa ku ɗauka na'urar ba ta kuskure. Kama da wane ba ta wane. Takan haɗa 'yan'uwa biyu ta ce mutum guda ne, takan raba yaro guda gida uku domin ya girma fuskarsa ta sake. Mu baƙaƙen fata kuma muna da dalilin ƙara lura. A 2018 Joy Buolamwini da Timnit Gebru suka gwada na'urorin manyan kamfanoni 3 a kan faɗin ko fuska ta mace ce ko ta namiji. A kan maza farare kuskuren bai kai 1 cikin 100 ba, a kan mata masu duhun fata kuwa ya kai wajen 35 cikin 100 a wurin wadda ta fi kuskure. A 2019 hukumar awo ta gwamnatin Amurka ta gwada na'urori masu yawa, ta tarar da yawansu sun fi rikita fuskokin mutanen Afirka ta Yamma da ta Gabas. An sami ci gaba tun lokacin, amma hoton da aka ɗauka da dare a hasken fitila har yanzu yakan ba su wuya. Bambancin shi ne, a gida kuskuren abin dariya ne. Ka gyara da hannunka, ka haɗa waɗanda ta raba, ka ɓoye fuskokin baƙin da suka faɗo cikin hoto. Ba mai rufe maka asusu.

Abin da za a tanada

Ba sai sabuwar kwamfuta ba. Tsohuwar ta ofis ko ta tafi-da-gidanka wadda aka ajiye tana iya yi, muddin ƙwaƙwalwarta ta aiki ta kai giga 6 zuwa 8. Ta tafi-da-gidanka tana da wata fa'ida a ƙasarmu, gama batirinta yana riƙe ta sa'ad da aka ɗauke wuta. Akwai kuma ƙananan kwamfutoci da ba su fi littafin waƙoƙi girma ba, masu cin wuta wajen wat 10. In ka bar irin wannan a kunne dare da rana, a wata guda za ta ci yunit 7 da ɗan kai a mita. Ƙaramar sola ma tana ɗaukarta. Faifan ajiya mai tera guda zai ɗauki hotuna wajen 300,000 masu mega 3, bidiyo ne zai cika shi da wuri. Ba dole ba ne kuma ta kwana a kunne. Gidan da wuta ba ta zama suna iya kunna ta da yamma, wayoyi su sauke kayansu, a kashe ta yadda ya kamata. Abin da ba ta so shi ne wuta ta yanke mata tana cikin rubutu, domin hakan yana iya lalata littafin lissafinta. Ƙurar hunturu da zafin bazara ma abokan gābanta ne. A sa ta inda iska take shiga, a ɗaga ta daga ƙasa, nesa da hannun yara.

Saka manhajar kuwa, gaskiya ba aikin kowa ba ne. Ana bi ta wata manhaja mai suna Docker, yawanci a kan Linux, da rubuta umarni da hannu. Ga wanda ya saba, aikin yamma guda ne. A yawancin dangi ko majami'a ba a rasa saurayi ko budurwa da suka karanta kwamfuta. A ranar farko kwamfutar za ta yi ta aiki tana zafi, wataƙila kwana guda ko fiye idan hotunan suna da yawa, domin tana duba su ɗaya ɗaya. Bayan haka sai ta huta.

A nan ne nake so maigida ya saurara da kyau. Wanda ya saka manhajar, shi ne mai riƙe da mabuɗin rumbu. Ko da yake kowa yana da kalmar sirrinsa, hotunan suna kwance a faifai a buɗe, mai kula da kwamfutar yana iya ganin na kowa in ya so. Kun tsere wa idon kamfani, amma ga idon ɗan'uwa. Budurwar da ke gidan tana da hotunan da ba ta so wanta ya gani, ba domin mugun abu ba ne, domin nata ne. Saboda haka a faɗa wa kowa wannan a fili kafin ya sa wayarsa, kada a tilasta wa kowa, a kuma zaɓi mai riƙon amana, ba mai iya kwamfuta kaɗai ba. Idan yaron maƙwabta ne ya taimaka ya saka, bayan ya gama ku sake kalmar sirri. Ofishin majami'a da ke tunanin tara hotunan membobi da na yaran makarantar Lahadi ta wannan hanya, su san cewa dokar kare bayanan mutane ta Nijeriya ta 2023 ta sa awon jikin mutum, irin na fuska, cikin bayanai masu bukatar kulawa ta musamman. A nemi yardar iyaye tukuna, ko kuwa a kashe sashen gane fuska, gama ana iya kashe shi.

Nauyi na biyu ya fi wannan. Kamfani yana ajiye kwafin hotonka a wurare da yawa, yana da ma'aikata masu tsaro dare da rana. Kai kuwa faifai guda gare ka, kowane faifai kuma yana da ranar mutuwarsa, ba ya sallama. Ɓarawo yana iya ɗauke kwamfutar, ruwa yana iya shiga ɗaki, tsawa tana iya bin waya. Masu Immich da kansu suna gargaɗi cewa kada ta zama ita kaɗai ce ajiyarka. Wani mai ɗaukar hoto Ba'amurke, Peter Krogh, ya yaɗa wata ƙa'ida mai sauƙin tunawa: kwafi 3, a kan irin ma'aji 2, guda 1 kuma a wani wuri dabam. A aikace, ka sayi faifai na biyu mai haɗawa ta waya, kowane ƙarshen wata ka kwafe kome a ciki, har da littafin lissafin manhajar inda sunaye da kundaye suke, ka cire shi. Na uku kuma ka kai gidan ƙanwarka a wani gari, ku riƙa musanyawa duk lokacin da aka yi ziyara. Lokaci lokaci ka buɗe kwafin ka gani ko hotunan suna buɗuwa. Wanda ya san ba zai iya wannan hidima ba, da muguwar rawa gara ƙin tashi. Ya bar hotunansa inda suke, ya fi masa.

Za a so a riƙa ganin hotunan daga nesa, ɗa yana makaranta a Zariya, 'ya tana aure a Jos. Ana iyawa, amma kada a buɗe ƙofar kwamfutar ga dukan intanet. A Yuni 2021 masu akwatunan ajiya na My Book Live, na kamfanin Western Digital, suka wayi gari an share musu kome daga nesa. A Janairu 2022 kuma ɓarayin intanet suka kulle fayilolin dubban masu akwatunan QNAP suna neman kuɗin fansa. Akwatunan da ke buɗe ga intanet ne abin ya faɗa wa. Hanya mai kyau ita ce a yi amfani da manhaja irin Tailscale ko WireGuard, wadda take haƙa wa wayoyin iyali kaɗai hanya ta ɓoye zuwa gida. In babu mai iya wannan, a bar ta a cikin gida kawai. Wanda ya zo hutu ya sauke nasa.

Kwaso tsofaffin hotuna daga Google yana yiwuwa ta Google Takeout. Zai ci data mai yawa, sai a nemi wurin da intanet yake da ƙarfi. Ku kula, ranaku da bayanan waɗansu hotuna suna zuwa a ƙananan fayiloli dabam, in aka zuba hotunan haka kawai sai ka ga bikin 2016 ya koma na bana. Akwai ƙaramar manhaja mai suna immich-go da aka yi domin haɗa su daidai. Kada a share kome daga Google sai an duba an tabbata, an kuma yi kwafi na biyu. Hotunan da aka turo ta WhatsApp kuwa, an riga an matse su an cire musu rana da wuri. In hoton mai muhimmanci ne, roƙi wanda ya ɗauka ya turo shi a matsayin fayil.

Ga waɗanda duk wannan ya yi musu nisa, akwai matakai ƙanana. Mai kwamfutar tafi-da-gidanka yana iya sa digiKam, manhaja ce ta kyauta wadda ta daɗe, tana gane fuska a cikin kwamfutar ba tare da intanet ba, sai dai da hannu za ka riƙa kwafo hotuna daga waya. Akwai kuma Ente, wadda take kulle hotuna tun a wayarka kafin ta aika, har kamfanin ma ba ya iya gani, gane fuskar kuma a wayar ake yi. Mai waya kaɗai yana iya shiga saitin kyamara ya hana ta rubuta wuri, ya shiga Google Photos ya kashe tara fuskoki, ya kuma kashe ajiya kafin ya ɗauki hoton jikin yaro domin likita, ya share shi bayan an gama. Ku tuna kuma rumbun gida ba ya kāre hoton da kuka baza da hannunku. A 2024 ƙungiyar Human Rights Watch ta tarar da hotunan yara na ƙasar Brazil da na Ostireliya cikin wani babban tarin hotuna da ake koyar da na'urori da shi, waɗansu har da sunayen yaran. Daga shafuffukan intanet aka kwashe su, inda iyaye da makarantu suka sa da kyakkyawar niyya.

Wani aiki kuma da nake so ku yi tun kafin a sayi ko da waya guda ta kwamfuta. Ku ɗauko tsohon littafin hotunan nan daga akwati, wanda gara da danshi suka fara ci. Ku shimfiɗa hotunan a inuwa da rana, ku ɗauki kowanne da waya. Sa'an nan ku zauna da Kaka ko Baba tsoho, ku tambaye su, wane ne wannan na hagu, a wace shekara, a wane gari? Na'ura tana iya tara fuskar mutumin da ya rasu a 1974 wuri ɗaya, amma sunansa da danginsa a bakin tsofaffi kaɗai suke. Ku rubuta a bayan hoton da fensir, ku rubuta a cikin manhajar kuma. Hotuna 20 ko 30 da suka fi muku daraja a kowace shekara, ku kai a wanke su a takarda.

Kalmar sirrin mai kula da rumbun, da ta asusun Google na maigida da na uwargida, a rubuta su a takarda, a sa a ambulan, a ajiye tare da takardar aure da takardun fili, mutum biyu a gidan su san wurin. A cikin takardar a ƙara rubuta gidan da faifai na uku yake.

Wata mai zuwa, in Allah ya kai mu, za mu duba batun wayar farko ta yaro, da shekarun da suka dace a ba shi.